Sitiyarin Peugeot 504 ya yi nauyi: a gyara na asali ko a sa na lantarki?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Injiniya. Na gaji Peugeot 504 wagon daga mahaifina, haɗin Kaduna, kuma ina so in ci gaba da hawanta. Damuwata sitiyarin. Wajen fakin ko juyawa a lungu sai na sa hannu biyu da ƙarfi, har kafaɗata ta yi ciwo. Na sa mata sabbin tayoyi masu faɗi, lamba 205, an yi alaimen sau biyu, ba abin da ya sauya. Wani makanike ya ce haka tsofaffin motoci suke, in haƙura. Wani kuma ya ce a yanke sandar sitiyarin a haɗa na lantarki na Toyota. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ka mori abin da ya bar maka lafiya.

Kada ka yanke komai tukuna, ɗana. Kowane daga cikin makanikan nan biyu yana da ɗan gaskiya, amma babu wanda ya duba motar yadda ya kamata kafin ya yi magana. Gaskiya ne 504 marar fawa, wato marar na'urar da ke taimaka wa hannu juya sitiyari, ba za ta juyu da yatsa ɗaya a tsaye ba kamar motocin yanzu. Sai dai ba a ƙera ta don ta sa kafaɗa ciwo ba. Tun fitowarta a Faransa a 1968 da sitiyarin rak ta zo, wato sandar ƙarfe mai haƙora da ƙaramin giya ke turawa dama da hagu, kuma masu ƙira sun sayi sauƙin juyi da abu biyu: faffaɗan kan sitiyari, da yawan zagaye, kusan huɗu da rabi daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Daga 1975 da aka fara haɗa ta a Kaduna, direbobin tasha sun yini a kanta daga Kano zuwa Maiduguri, dattawa sun tuƙa ta, mata sun tuƙa ta. Idan taka tana wahalar da saurayi mai jini a jika, to wani abu ya sauya daga yadda ta fito, kuma wannan abin za a nemo. Duk wanda ya ɗora injin taimako a kan gaɓar da ta cije bai warkar da ita ba. Ya dai hana hannunka jin gargaɗin, gaɓar kuwa tana ci gaba da cinyewa har ranar da za ta tsinke a kan titi.

Fara da lura da lokacin da nauyin yake zuwa, don shi ne rabin binciken. Idan sai a tsaye ko a lallaɓe yake nauyi, da zarar mota ta fara tafiya ya saki, kuma bayan kwana yana komawa tsakiya da kansa, to ƙarafan suna da lafiya, maganar taya ce da nauyin gaba. Idan yana da tauri ko a cikin gudu, ka sha kwana ka sassauta hannu ya tsaya inda ka bar shi, wannan cijewa ce a wata gaɓa, kuma ita ce mai haɗari. Idan yana tauri yana sakewa a wuri ɗaya a kowane rabin zagaye, ka zargi kuros ɗin da ke kan sandar sitiyari, wato gaɓar da ke barin sandar ta juya ko da a karkace take. Idan kuwa gefe ɗaya ya fi nauyi, ko motar na ja zuwa gefe, akwai abin da rami ya lanƙwasa.

Tayoyin nan da ka sa su ne abin zargi na farko, kuma na san ba za ka ji daɗin wannan ba tunda kuɗi ka kashe. Salun ɗin 504 da taya 175 a kan wili inci 14 ta zo, wagon kuma da 185. Kai ka sa 205, ƙarin santimita biyu ke nan a faɗin kowace taya. A ido kaɗan ne, a hannu ba kaɗan ba ne. Lokacin da mota take tsaye ka juya sitiyari, tayar ba gangarawa take ba, murza ƙasa take yi a wuri ɗaya kamar dutsen niƙa, kuma gefunan da suka fi nisa da tsakiya su suka fi turjewa. Ƙara faɗi ƙara nisan gefunan nan ne. Robar tayoyin yanzu ma ta fi ta da kama kwalta, abin alheri ne wajen birki, amma hannu ne yake biya wajen fakin.

Sannan akwai wilin kansa. Taya 205 ba ta zama daidai a kan siririn wilin asali, don haka ina kyautata zaton ko an matsa ta a kai, ko an sauya wili. Ramukan notin 504 guda huɗu ne a kan da'ira mai milimita 140, awon da motoci kaɗan ke da shi, shi ya sa masu son wilin kwalliya sukan sa faranti a tsakani ko su huda wili. Duka biyun ba na son su. Ga dalili. Ƙafar gaba tana juyawa ne a kan wani layi da ya taso daga saman shokozoba ya bi ta boljoyin na ƙasa, wato gaɓar mai dunƙulen ƙarfe da ƙafar ke juyawa a kai, ya sauka a ƙasa kusa da tsakiyar taya. Layin nan a karkace yake, saboda haka duk sanda ka juya sitiyari kana ɗan ɗaga gaban motar ne da hannunka, kuma nauyinta ke taimakawa wajen mayar da shi tsakiya. In aka tura taya waje, tazarar da ke tsakanin layin da tsakiyar taya ta ƙaru, ɗagawar ta ƙaru, kowane rami ya samu dogon hannu na fizgar sitiyari, boris ɗin taya ma ya ɗauki nauyin da ba nasa ba. Gwaji mafi arha shi ne ka aro wili biyu na asali da tayoyi 185 daga wani mai 504, a ɗaura a gaba, ka zagaya unguwa. A cikin minti goma za ka san kason da tayoyin suka ɗauka a cikin matsalar.

Iska kuma a auna ta da safe kafin mota ta yi tafiya, da geji naka na kanka, a bi abin da littafin motar ya ce. Taya mai ƙarancin iska tana shimfiɗewa ta ninka wahalar. Za ka iya ƙara lamba biyu ko uku a kan na littafi, ba laifi. Amma kada ka yarda mai faci ya bunƙara ta zuwa 45 ko 50 don sitiyari ya yi sauƙi. Zai yi sauƙin, sai dai tsakiyar taya kawai ke taɓa ƙasa, kuma ranar da ruwa ya sauka za ka taka birki motar ta ci gaba da tafiyarta.

Ban sani ba ko kan sitiyarin na asali ne. Matasa da yawa suna cire shi su sa ƙarami irin na motar tsere. Lissafin a fili yake: ka sauko daga mai faɗin santimita 40 zuwa mai 33, ƙarfin da hannunka zai sa ya ƙaru da kusan kashi 21 cikin ɗari. In an sauya, a mayar.

Akwai wani abu da nake so a leƙa kafin a ci gaba, don ana yawan tsallake shi. A duba ko rak ɗin da ke motar na fawa ne da aka kashe. Wasu 504 da 505 da yawa sun zo da sitiyari mai taimakon mai, kuma a tsawon shekaru ana musayar kaya tsakaninsu. Famfo ya lalace, a cire bel, a toshe bututu, a ce ai tana tafiya. Irin wannan rak ya fi marar fawa na asali nauyi nesa ba kusa ba, domin an yi shi da ƙarancin zagaye bisa dogaro da famfo, ga kuma robobin mai da suke ja. In ka ga bututun ƙarfe ko ramukan da aka toshe a jikin rak, ko zagayen sitiyarin bai kai huɗu ba, ka samo babban dalili.

Yanzu sai a shiga ƙarƙashi, kuma nan nake so ka tsaya a kan aikin da kanka. A ɗaga gaban motar tayoyi biyu su bar ƙasa, a tokare da ƙarfen tokara ko gungumen katako, ba bulo ba, ba jak kaɗai ba. Juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe da yatsa biyu. Ya kamata ya tafi sumul, babu wurin da zai cije. Ka samo ma'aunin rataya irin na masu awon kaya, ka maƙala ƙugiyarsa a bakin kan sitiyari, ka ja, ka rubuta lambar da ya nuna. Bayan kowane gyara ka sake aunawa. Da haka ba wanda zai ce maka ya yi sauƙi alhali bai yi ba.

In da tauri, a kwance tayarod, wato sandunan da ke haɗa rak da ƙafafuwan gaba, daga ƙafafuwan biyu. Yanzu an raba motar gida uku: ƙafar dama, ƙafar hagu, da sitiyari da rak ɗinsa. A kama kowace ƙafa a juya da hannu. Wadda ta turje, ko boljoyin na ƙasa ya bushe, ko boris ɗin da ke saman shokozoba ya yi tsatsa. Wannan boris na sama shi ke ɗauke da nauyin gaban mota yana kuma juyawa, kuma da wuya ka ga wanda ya tuna da shi wajen gyaran ƙafa. Alamarsa ita ce ƙarar sifirin, wani ƙas ko tangaran, lokacin da ake juya sitiyari a tsaye: sifirin ne yake murɗewa sannan ya kuɓuce. Abin lura shi ne gaɓar da ta lalace takan yi laushi in an ɗauke mata nauyi, ta cije in an sauke mota. Don haka in ba a ga komai a sama ba, a samo faranti biyu na ƙarfe ga kowace taya, a shafa giris a tsakaninsu, a sauke tayoyin gaba a kai. Nauyin mota yana kan gaɓoɓin, amma ƙasa ba ta riƙe taya ba. Duk taurin da ya rage a nan, na ƙarfe ne.

Rak ɗin kansa abu uku ke kama shi a ƙasarmu. Na farko yagewar robobin da suka rufe bakinsa biyu. Ƙurar hunturu ta shiga, ruwan damina ya biyo baya, giris ya koma taɓo mai yashi yana cin haƙora. Na biyu lanƙwasa daga faɗawa rami ko bugun gefen titi. Na uku kuma hannun makanike ne. Akwai wani ɗan matsi mai sifirin da ke danna rak a jikin ƙaramin giya don kada ya yi lako-lako. Haƙoran tsakiya su suka fi cinyewa, tunda a nan mota take yini. Sai mai mota ya kawo kukan ƙara, a ɗaure matsin nan tamau har ƙarar ta ɗauke, tsakiya ta yi daidai, gefuna biyu da ba su cinye ba su cije, wato daidai inda kake bukatar sauƙi wajen fakin. Maganinsa a sauke rak, a wanke shi tas, a mirgina sandar a kan abu mai shafe a ga ko ta miƙe, a sa sabon giris da sabbin robobi, a daidaita matsin yadda zai bi dukan tsawonsa ba cijewa. In ba a samun wurin da ya dace da tsakiya da gefe a lokaci ɗaya, rak ɗin ya gama aiki, a nemi wani. A Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka gwada shi da hannu daga ƙarshe zuwa ƙarshe kafin ka biya.

A kan sandar da ta sauko daga kan sitiyari, a duba kuros da faifan robar da ke haɗa ta da rak, da bushin da take juyawa a ciki. Kuros da ya yi tsatsa yakan saki in an fesa masa mai, amma na kwana biyu ne. A sauya shi. Faifan roba da ya tsattsage kuwa ba ya jiran gobe.

Ka ce an yi alaimen sau biyu. Abin da yawancin masu alaimen suke taɓawa shi ne tayarod, su daidaita yadda tayoyin biyu ke fuskantar gaba. Wannan yana hana cin taya da yawo a titi, amma ba ruwansa da nauyin sitiyari a wurin fakin, ko sau goma aka yi. Awon da ya shafi nauyi shi ne kasta, wato yadda saman ƙafar gaba ya kwanta zuwa baya. Yawansa yana sa mota ta riƙe hanya ta kuma mayar da sitiyari tsakiya, ya kuma ƙara nauyi. Bushin lowa-am, wato hannun ƙarfen da ke riƙe ƙafar daga ƙasa, da ya mutu ko ƙarfen da ya lanƙwashe suna sauya shi. Ga kuma abin da ya shafi wagon musamman: yawancinsu sun yi shekaru suna dakon kaya da fasinja, sifirin baya ya kwanta. Tsakanin tayar gaba da ta baya a wagon mita 2.9 ne. In baya ya sauka da santimita biyar, dukan motar ta karkata da kusan digiri ɗaya, kasta ya ƙaru da wannan digirin ba tare da an taɓa ƙafar gaba ba. Ka tsaya daga gefe ka kalle ta a fili mai shafe, ba kaya a ciki. In hancinta na sama, a gyara bayan. Wasu za su ba ka shawarar a rage kasta ƙasa da na kamfani don hannu ya huta. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Sauƙin da za ka samu a lungu za ka biya shi a hanyar Zariya zuwa Kano, lokacin da tirela ta wuce ka motar ta fara neman hanyarta.

Ka duba kuma abin da aka ɗora wa gaban: ƙarfen kariya mai kauri, ƙarin batir, ko injin dizal da aka dasa a madadin na fetur. Kowane kilo a kan tayoyin gaba yana zuwa hannunka.

Masu karatu da ke da wasu tsofaffin motoci, hanyar binciken ɗaya ce, wuraren ɓuyan matsalar ne suka bambanta. Volkswagen Beetle injinta a baya yake, gabanta ba nauyi, don haka in sitiyarinta ya yi tauri lalle akwai abin da ya bushe, galibi kinfin, wato fil ɗin ƙarfen da ƙafar gaba ke juyawa a kai, a tsofaffin ƙira ko wuraren giris da aka manta. Tsohuwar Land Rover tana da wata gaɓa da ta ratsa shasi a gaba wadda ake zuba wa man giya, ga boljoyin shida a kan sandunanta, kuma in an bar ta a giyar taya huɗu a kan kwalta sitiyarin zai yi nauyi ko komai lafiya. Motoci masu akwatin sitiyari, irin Mercedes W123, an yi akwatin ya fi matsewa a tsakiya, saboda haka a tsakiya kawai ake daidaita notinsa, kuma kaɗan-kaɗan. Tsofaffin motocin da aka ƙera don tayar zare ta da sukan ƙara nauyi in an sa musu radiyal, wato irin tayar yanzu. 504 ba ta cikinsu, da radiyal ta fito.

In an yi duk wannan, a ganina za ka samu motar da za ka iya zama da ita, musamman in ka koyi abin da direbobin da suka sani: ba a juya sitiyari mota na tsaye cik, balle ƙafa na kan birki. Ka bar ta ta ɗan motsa ko da taku ɗaya ne, nauyin zai faɗi warwas, tayarod da rak ma su huta.

To amma akwai wanda wannan ba zai ishe shi ba. Mai ciwon gaɓoɓi, dattijo, ko wanda kullum yana cikin cunkoson gari. Ba aibu ba ne a ƙara wa tsohuwar mota taimako, kuma ba sabon abu ba ne. Tun 1951 Chrysler ta fara sayar da motar hawa mai sitiyarin mai a Amurka, na lantarki kuma ya fito a Suzuki Cervo a Japan a 1988. Hanyoyi biyu ne a gabanka.

Ta farko ita ce ta cikin gida, kuma ita na fi so wa 504: a samo cikakken kayan fawa na dangin Peugeot, rak da famfo da maƙalinsa da fuli mai ƙarin layin bel da tankin mai da bututu, duka daga mota ɗaya in zai yiwu. Makanikan Fijo sun san su, kuma in ka buɗe bonet ba abin da zai yi kama da baƙo. Sai dai a auna. 505 da ta fito a 1979 ta ɗan fi 504 faɗin ƙafa, kuma abin da ya fi muhimmanci ba wai rak ya ɗauru ba ne, a'a, gaɓoɓin ciki na tayarod su zauna daidai inda na asali suke, tsawo da tsayi. In sun kauce, duk sanda taya ta hau tudu ko ta faɗa rami za ta juya da kanta ba tare da ka taɓa sitiyari ba. Ka kuma tuna tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu na hagu, don haka rak ɗin motar Ingila ko Kenya ba zai yi ba. Tiyon da ya fito daga famfo yana ɗauke da matsin da ya ninka na iskar taya sau talatin zuwa sama, dole ya zama na wannan aikin, mai bakin da aka matse da inji, ba tiyon fetur da aka ɗaure da kilif ba, kuma a nisanta shi da salansa. Mai kuma jan man giyar otomatik ake zubawa. Man birki yana kashe robobin.

Ta biyu ita ce wadda makanikenka ya faɗa. Na'ura ce da ake dasawa a kan sandar sitiyari a ƙarƙashin dashbod: tana da abin da ke jin ƙarfin da hannunka ya sa, da ƙaramin injin lantarki, da ƙwaƙwalwar da ke haɗa su. Masu tsofaffin motoci a Turai sun daɗe suna amfani da na Opel Corsa, wasu kuma da na Toyota Yaris ko Prius. Amfaninta a fili yake. Ba bel, ba yoyon mai, ba ta cin ƙarfin inji sai lokacin da ake juyi, rak da awon ƙafa suna nan yadda suke, kuma in fiyus ya ƙone sandar tana nan a haɗe, sitiyari zai yi nauyi ne kawai.

Inda nake jin tsoro shi ne kalmar nan ta yankewa. Sandar sitiyari ita kaɗai ce tsakanin hannunka da tayoyi. Ba a yanke ta a haɗa baki da baki a yi walda a gefen titi. Haɗin kirki da haƙoran sanda ake yinsa da noti mai matsewa, a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su yi abin haɗin daidai awo. Na'urar kuma duk ƙarfin da ta tura wa taya, irinsa take tura wa abin da aka ɗaure ta a kai, don haka maƙalinta sai ƙarfe mai kauri da ya kama jikin mota a wuri mai ƙwari, ba fallen dashbod ba. Ka sani kuma dukan ƙarfin nan ta kuros da faifan roba da ƙaramin giya zai bi, kayan da aka yi su daidai ƙarfin hannun mutum. In ka bar tayoyi 205, ka riƙa murza su a tsaye don yanzu ba ka jin komai, rak ɗin ba zai daɗe ba. Shi ya sa ko da lantarkin za ka sa, gyaran da na lissafa a sama yana nan a kanka.

Wutar ma sai an yi mata tanadi. A ƙarshen juyi na'urar tana jan amfiya masu yawa na ɗan lokaci, don haka tana bukatar waya mai kauri kai tsaye daga batir, da fiyus na amfiya 40 zuwa 60 kusa da batir ɗin, gwargwadon na'urar. Mai wayarin ya auna altaneta da fitilu a kunne, in tsohon ba zai ɗauka ba a sa babba. Sannan maganar gudu. A motar da aka ciro ta, na'urar tana samun labarin gudu, ta ba da taimako sosai a fakin ta janye a babbar hanya. 504 ba ta da abin da zai ba ta wannan labari. Na Corsa sai an haɗa masa ƙaramin akwati mai maɓallin ƙarawa da ragewa. Wasu na Toyota suna aiki haka nan a mataki ɗaya da ba ya sauyawa, abin da ya sa ake son su, amma matakin da ya yi daɗi a lungu yana iya yin sauƙi fiye da kima a gudun kilomita 100. Giyar da ke cikin na'urar ma tana ɗan rage komawar sitiyari tsakiya. Ka nemi wanda za a iya rage masa ƙarfi, ko a sa masa abin auna gudu, kuma ka tambayi mai aikin ya nuna maka motar da ya taɓa yi ka tuƙa ta da kanka.

In ka yanke shawarar sawa, a samo wata sandar 504 daga kasuwa a yi aikin a kanta, taka ta asali ka naɗe ka ajiye tare da makullinta. Bayan an gama, kafin ka hau titi, a ɗaga gaba a juya ƙarshe zuwa ƙarshe a tabbatar ba abin da ke gogar waya ko feda. Sannan ka nemi fili ba mutane, ka gwada a hankali, ka cire fiyus ka ji yadda take in wuta ta ɗauke, ka sha kwana dama da hagu ka ga ko sitiyarin na dawowa. Bayan mako guda a sake bin kowane noti na maƙalin da na haɗin sandar da sifana.